Kafin a ɗauki zanen yatsun ƴaƴanmu, a ba su takardar haihuwa

Tun da ƙasashen AES uku, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka fito da fasfonsu na bai ɗaya a ranar 29 ga Janairun 2025, maganar sabon katin ɗan ƙasa mai ɗauke da zanen yatsu ta shiga bakin jama'a. Masu yabonsa na cewa zai kashe kasuwar takardun jabu, ya kuma sauƙaƙa wa jami'an tsaro aiki. Ni malami ne, aikina horar da matasan da za su riƙe aji gobe, kuma ina cikin masu ɗari-ɗari da wannan kati. Mutum ya mallaki shaidar da zai nuna abu ne mai kyau. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da kati guda makullin komai: makaranta, jarrabawa, layin waya da tafiya. Ranar da aka yi haka a gari irin Arlit, ƴaƴan talakawa ne za su fara tsayawa a bakin ƙofa.

Arlit gari ne na baƙi. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka fara fitar da yuraniyom a 1971, sannan COMINAK ya zo a 1974, Akokan ta tashi a gefensa. Mutane suka kwararo daga Tawa, Maraɗi, Damagaram da Doso, suka tarar da Abzinawa makiyaya da suka riga su zama a yankin. Wanda kamfani ya ɗauka aiki yana da fayil, yana da gida a unguwar ma'aikata, ƴaƴansa kuma ana rubuta su tun suna cikin zanen goyo. Wanda ya zo neman na kansa, ɗan ga-ruwa, mahauci, mai wanki da guga, sai ya kafa rumfa a Bukoki, babu wani ofishi da ya san da zamansa. Don haka mutanen Arlit sun daɗe da sanin yadda takarda ke raba gari gida biyu. Da aka rufe mahaƙar COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021, iyalai da dama suka watse: uba ya tafi haƙar zinariya, uwa ta koma ƙauye, yara suka zauna wurin dangi, takardu kuma kowa da inda tasa ta maƙale.

Katin ɗan ƙasa ba daga sama yake faɗowa ba, tushensa takardar haihuwa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 64 cikin ɗari ne kawai na yara ƴan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. In wa'adin ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu, kuma sau da yawa sai an koma yankin da aka haifi yaron. To, yarinyar da aka haifa a wani ƙauyen Kance ta girma a Akokan, wa zai biya wa ubanta kuɗin mota na ɗaruruwan kilomita? Ɗan makiyayin da aka haifa a bakin rijiya, wane ofishi ne ya ga ranar sunansa?

Mu malamai mun san lokacin da wannan rauni ke fashewa. Yaro zai yi shekara da shekaru a aji, sunansa na cikin rajista, yana cikin na gaba-gaba, sai ranar haɗa takardun jarrabawar BEPC a ce ina takardar haihuwarsa. Ɗalibaina da ke dawowa daga koyon aiki a makarantun karkara labari ɗaya suke kawowa kowace shekara: darakta na ta zirga-zirga tsakanin ofishin magajin gari da kotu, wasu yaran a samo musu, wasu lokaci ya ƙure. In yarinya ce, sau da yawa ƙarshen bokonta ke nan. Yanzu a ɗora wa wannan yaro sharaɗi na biyu, wanda ke buƙatar na'ura da lantarki da intanet, a yankin da samun kowannensu sai an yi sa'a.

An riga an gwada a wani wuri. Moritaniya ta fara rajistar zanen yatsu a 2011, kuma a 2018 ƙungiyar Human Rights Watch ta wallafa rahoto kan yaran da aka hana shiga makarantar gwamnati ko zana jarrabawa don iyayensu sun kasa kammala rajistar. A Indiya sai da Kotun Ƙoli ta tsoma baki a Satumban 2018, ta ce makarantu ba su da ikon tilasta lambar Aadhaar kafin su karɓi yaro. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai batun tafiya. Mutanen jihar Agadas ba su manta da dokar 2015-36 ba, wadda aka yi don hana safarar bakin haure, aka kuma soke ta a Nuwamban 2023. A shekarun da ta yi aiki, duk mai nufin arewa ya zama abin zargi, direbobi suka riƙa kauce wa babbar hanya suna bin sahara inda babu rijiya. Kowa ya san a shingen bincike mai kuɗi ba ya daɗewa, talakan da takardarsa ta ɓata shi ake saukewa. Ga kuma Assamaka, inda Aljeriya ke jibge mutanen da ta koro, da yawansu ba waya ba takarda. In aka ce haƙƙin ɗan ƙasa yana cikin kati, ɗan Nijar da aka sauke can hannu rabbana ya zama baƙo a ƙasar ubansa.

Abin da ya fi damuna shi ne rumbun da ke bayan katin. Tsohon katin kwali a aljihu yake kwana. Sabon kuwa yana da kwafi a kwamfuta, tare da fuskarka da yatsunka, kuma ana iya haɗa shi da layin wayarka. A Agustan 2024 hukumomi suka kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, a Oktoban shekarar aka janye wa mutum tara zama ƴan ƙasa na wucin gadi. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya tuna cewa Nijar ta ga juyin mulki sau biyar: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Gwamnati na tafiya, rumbu na nan, wanda ya hau kuma shi ke gadon makulli. A Ruwanda, katin da aka rubuta ƙabila a kansa ne aka riƙa dubawa a shingaye a 1994.

Na san amsar da za a ba ni, tsaro. Arlit ta ɗanɗana: an sace mutum bakwai a Satumban 2010, an kai harin ƙunar baƙin wake a ranar 23 ga Mayun 2013. Amma mai ɗauke da bam ba ya bin layi a shinge yana laluben aljihu. Gaskiya ne kuma ana rage shekaru da takardun jabu, mu malamai mun fi kowa gani. Maganin wannan shi ne a rubuta kowane jariri tun farko, a daina barin shi sai ya kai aji shida a ƙirƙiro masa ranar haihuwa.

Abin da nake kira gare shi ba mai wuya ba ne. A rubuta a doka cewa ba za a kori yaro daga aji ko ɗakin jarrabawa don rashin kati ba. A kai alƙalai makarantu da mashayar dabbobi a kai a kai, su ba da takardun haihuwa kyauta. A bar tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har sai sabon ya isa ko'ina. Muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa tsaronta. Ta fito ta faɗa mana da Hausa da Tamashek wa ke da izinin buɗe rumbun, kuma ina mutum zai kai kuka in an yi masa kuskure. A Kenya kotu ta taka wa shirin Huduma Namba birki a Janairun 2020 har sai an tsara kariyar bayanai. Ingila ma ta soke nata katin a 2010.

Ku kuma iyaye, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku duba takardun ƴaƴanku tun yanzu, ku kai maganar taron iyayen yara. Malamai, kowa ya ƙirga marasa takarda a ajinsa ya miƙa wa darakta tun farkon shekara. Yaron da ke zaune a gabanka ɗan ƙasa ne tun ranar da ya faɗo duniya, ko na'ura ta san yatsunsa ko ba ta sani ba.