KADA MU CINYE IRIN KIFI

Mu mutanen Makarfi da Ikara da Kudan manoma ne. Rake da masara da tumatir muka sani, kuma da yawa cikinmu ba mu taɓa ganin teku da idonmu ba. To me ya kai mu maganar kifin teku? Amsar tana cikin tukunyar miyarmu. Kifin ƙanƙarar nan da ake kira titus, wanda uwargida take sayen yanka ɗaya ko biyu in kuɗin nama ya gagara, yawancinsa daga tekun arewacin Turai ake kamo shi. Jirgin ruwa ya kawo shi Legas, mota mai sanyi ta hauro da shi Arewa, kafin ya iso teburin mai kifi a kasuwarmu. Duk abin da ya taɓa wancan teku, ya taɓa abincin 'ya'yanmu.

Mutane da dama suna zaton kifin teku ba ya ƙarewa. Mutanen Kanada ma haka suka zata. Shekaru ɗaruruwa suna kamun wani kifi da ake kira kod a gaɓar Newfoundland, har manyan jirage masu jan taru suka shigo suna kwasa ba dare ba rana. A shekarar 1992 kifin ya yi ƙarancin da dole gwamnati ta hana kamunsa, mutane wajen 30,000 suka rasa abin yi. Shi kansa titus ɗin namu ya kama wannan hanya. A 2025 masanan da ke ba ƙasashen Turai shawara sun ce a rage kamunsa da wajen kashi 70 cikin 100, domin ƙasashen sun daɗe suna kama fiye da kima, kowa yana ƙin ragewa. In kifi ya ragu a can, tsadarsa a nan za mu ji ta.

Nijeriya ma tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita fiye da 800, kuma ba ta rasa doka ba. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana manyan jirage jan taru a cikin mil biyar na teku daga gaɓa, wato wajen kilomita tara. Dalili kuwa, nan ne ƙananan kifi suke girma, nan ne kuma talakan masunci mai kwalekwale yake neman abincinsa. An kuma ƙayyade faɗin idon taru domin ƙananan kifi su sulale su wuce. A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman mai kula da harkokin teku. Muna roƙon wannan ma'aikata ta sa ido sosai, gama doka a takarda ba ta korar jirgin ɓarawo da dare. Ta kuma duba misalin Ghana, wadda a 2019 ta dakatar da masu kwalekwale wata guda cur domin kifi ya samu ya hayayyafa.

Amma kada mu tsaya nuna teku da yatsa, mu dubi gida. Abin da babban jirgi yake yi a teku, shi muke yi a kogin Galma da rafukanmu da tafkunan fadama. Wa bai taɓa ganin yara da gidan sauro suna tace ruwa ba, suna kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba? Wa bai ji labarin masu zuba maganin ƙwari a ruwa ba, kifi ya taso ya yi fari fat, a kwashe a kai kasuwa? Wannan guba tana kashe babba da ƙarami har da ƙwai. Shanu su sha ruwan, mata su ɗiba, mu kuma mu ci kifin. Dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba da nakiya da lantarki, amma a ƙauyuka nawa aka taɓa karanta wa jama'a ita?

Wani zai ce talauci ne, mai jin yunwa ba ya jiran kifi ya girma. Mun ji, kuma ba mu raina wannan magana ba. Sai dai mu manoma mun san ko a shekarar yunwa, mai hankali ba ya taɓa damin iri. Ƙaramin kifi da uwa mai ƙwai su ne irin ruwa. Kakanninmu sun san haka tun kafin a rubuta doka. Dubi Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Sarkin Ruwa yana tsare Matan Fada, ba mai jefa koma sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi.

Saboda haka ga shawararmu. Hakimai da dagatai su zauna da masunta da sarakunan ruwa su tsayar da lokacin hutun ruwa, musamman farkon damina sa'ad da kifi yake zuba ƙwai. Ƙananan hukumomin Makarfi da Ikara da Kudan su sa malaman gona su bayyana dokar nan da Hausa a ranakun kasuwa. Matasan da suke da fili kusa da ruwa a taimake su da horo su haƙa tafkin kiwon tarwaɗa, domin a rage wa kogi nauyi. Iyayenmu mata kuwa, ku ne masu riƙe da kuɗin cefane. In kun ga tulin 'yan mitsi-mitsin kifi, ko kun san da guba aka kama shi, ku wuce. Ranar da mai guba ya koma gida da kayansa, ranar zai bar sana'ar.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun mutanen Kanada ya riga ya ƙone. Mu tashi tun da sauran kifi a Galma, domin jikokinmu su san ɗanɗanon tarwaɗar rafin garinsu.