Gefen Gudron na Mai Tafiya Ƙasa Ne

A bakin babbar kasuwar Yamai ko kasuwar Dole ta Damagaram, mai tafiya ƙasa ya rasa inda zai sa ƙafarsa. Manyan motoci da ƴan kabu-kabu sun kori mai keke daga gudron, shi kuwa ya haye gefen da aka keɓe wa masu tafiya ƙasa, ya kori tsohuwa da ɗan lakwal.

Keke ba ya da ƙara. Sau da yawa ba ƙararrawa, ba fitila, birki ma sai da ƙafa. Wanda ke gudun kilomita 20 a awa yana cin fiye da mita 5 cikin daƙiƙa guda. Kafin mai goyo ta waiwaya, ya riga ya iso kanta. In da buhun gawayi a bayansa, sai karaya.

Amma laifin ba na mai keke kaɗai ba ne. Ku ƴan kasuwa, teburanku sun cinye rabin wurin. A 2016 hukuma ta rushe rumfuna masu yawa a bakin manyan hanyoyin Yamai, sai dai rusau na rana ɗaya ba ya maye gurbin kulawa ta kullum.

Saboda haka, mai keke, in ka iso cinkoso, sauka ka tura. Alhaji mai kanti, ja teburinka baya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku kuma ma'aikatan magajin gari, ku shata wa keke layinsa a kan gudron, domin wanda aka hana hanya, ta wani zai ci. Allah ya kiyaye mu.