Wace kotu za ta saurari masu na'urar numfashin Philips?

A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorin taimaka wa numfashi, irin waɗanda mai yawan yankewar numfashi cikin barci yake kwana da su a hanci. Soson da aka saka a ciki don rage ƙara yana rududdugewa, mutum ya shaƙi ɓurɓushinsa bai sani ba. Nan da nan ƙararraki suka yi ta shiga kotunan Amurka daga jihohi daban-daban.

To, a can akwai tsari tun 1968. Kwamitin alƙalai bakwai ne ke duba ƙararraki masu tushe ɗaya, ya tattara su ya miƙa wa alƙali guda, a yi binciken takardu da jin ƙwararru sau ɗaya maimakon sau dubu. A Oktoban 2021 kwamitin ya zaɓi kotun tarayya ta Pittsburgh a jihar Pennsylvania, gaban mai shari'a Joy Flowers Conti. Kusa da birnin ne reshen kamfanin da ya ƙera na'urorin yake, wato shaidu da takardu suna nan.

Tattarawar ba mu ga laifinta ba. Tsoho mai ciwon huhu ai ba zai iya ja da kamfani shi kaɗai ba, kuɗin likitan da zai ba da shaida ma ya isa ya karya shi. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne nauyin da ke kan zaɓin kotun. A doka, bayan an gama share fage kowace ƙara za ta koma kotun da ta fito, amma a aikace kaɗan ne ke komawa, yawanci sulhu ake yi. Ke nan alƙali ɗaya, shi ne ke cewa wane ƙwararre za a saurara, waɗanne lauyoyi ne za su yi magana da yawun kowa, kuma daga nan farashin sulhu ke fitowa. Zaɓin da aka ce don sauƙin aiki aka yi, sauƙin ya fi faɗawa gefen kamfani, tunda ƙofar gidansa aka zo.

A Afrilun 2024 Philips ya amince zai biya dala biliyan 1.1 kan ƙararrakin jin rauni, ba tare da amsa laifi ba. Kuɗin fa na ƙararrakin Amurka ne. Na'urar kuwa an sayar da ita a ƙasashe da yawa, wasu ma ɗan uwa ne ya aiko musu da ita daga waje, ba rasit, ba rajista.

Mutanen Kano sun ɗanɗana wannan. Bayan gwajin maganin Trovan na 1996, shekaru suka shafe ana jayayya kan ko kotun New York za ta saurare su, sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta buɗe musu ƙofa.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya na ƙasashenmu su tilasta wa asibitoci da 'yan kasuwa rubuta lambar kowace na'ura da sunan wanda aka ba shi. Wanda ke da irin wannan na'urar a gida, ya duba lambarta a ƙasanta, ya adana, ya kai wa likitansa kafin ya daina amfani da ita.