Inuwar Giginya: Tsofaffin 'Yan Majalisa a Kwamitocin Shawara na Ƙungiyoyin Sa-kai

Gabatarwa

Duk wanda ya saba karɓar takardun gayyata na ƙungiyoyin sa-kai a garin Jos ya san fasalinsu. Sunan ƙungiya a sama, tambarinta a gefe, sannan a ɓangaren hagu a jero sunaye tun daga kan takarda har gindinta: Sanata wane, Onarabul wane, tsohon Minista, tsohon Kwamishina, Janar mai ritaya, tsohon Jakada. A saman jerin kuwa a rubuta "Kwamitin Ba da Shawara" ko "Iyayen Ƙungiya". Sau da yawa jerin sunayen nan ya fi saƙon wasiƙar kansa tsawo.

Abin da wannan maƙala take son ta tabbatar shi ne, wannan al'ada ta jibge tsofaffin 'yan majalisa da manyan mutane a kwamitocin shawara ta zame wa ƙungiyoyinmu cuta. Mai suna ya ɗauki girma ba tare da ya ɗauki nauyi ba, ƙungiya kuma ta sayar da bakinta a kan farashi mai arha. Talakan da aka kafa ƙungiyar dominsa shi ne zaune a gindin giginya, inuwa tana can nesa wasu na sha.

Yadda Abin Ya Samo Asali a Jos

Ba a rasa ƙungiyoyin taimakon kai da kai a Jos ba tun zamanin haƙar kuza. Amma yawaitar ƙungiyoyin "zaman lafiya" da "tallafa wa marayu" da "horar da matasa" ta biyo bayan rikice-rikicen da suka addabi garin ne: na watan Afrilun 1994, da na 7 ga Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010. Tsakanin waɗannan kuma aka yi gobarar babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, wadda ta tsiyata dubban 'yan kasuwa. Inda duk aka sami zawarawa da marayu da ƙonannun shaguna, to masu ba da tallafi na gida da na waje sukan nufo wurin da kuɗi, kuma kuɗin nan ba ya shiga hannun kowa sai mai rajista da takarda mai tambari. Daga nan ne neman manyan sunaye ya zama sana'a.

Matashin da ya kafa ƙungiya a wani ɗan shago a Kwararafa ko Unguwar Rogo ko Gangare ya san cewa sunansa kaɗai ba zai buɗe masa ƙofar kowane ofishi ba. Sai ya ɗauki takarda ya nufi gidan tsohon ɗan majalisa, ya yi zaman jira a zaure, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu roƙe ka ka zama ubanmu." Shi kuwa mai gida, wanda tun da ya faɗi zaɓe ƙofar gidansa ta yi tsit, ya ce ya karɓa. Daga ranar ba za su sake haɗuwa ba sai ranar ƙaddamar da gidauniya, inda zai zo a makare, a yi masa kirari a lasifika, ya yi alkawarin gudummawar da za a yi shekara ana bin sawunta.

Girma Ba Nauyi

A nan ya kamata mai karatu ya bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai amintattun ƙungiya, akwai kuma 'yan kwamitin shawara. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar, ta san da amintattu. Sunayensu ne suke rubuce a Hukumar Rajistar Kamfanoni, dukiyar ƙungiya tana hannunsu, dole ne a miƙa wa hukuma bayanin kuɗi, kuma a yadda aka sa wa dokar hannu a 2020, sashe na 839 ya ba da damar a dakatar da su idan aka sami almundahana ko rashin iya riƙo. Ɗan kwamitin shawara kuwa babu ko ɗaya daga cikin wannan a wuyansa. Idan ƙungiya ta yi abin yabo, hotonsa ne a kalanda. Idan kuɗin marayu suka yi ɓatan dabo, sai ya ɗaga hannu ya ce shi shawara kawai yake bayarwa, ba ya sa hannu a cak. Wannan ita ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya sa kujerar shawara ta fi kowace kujera daɗi ga ɗan siyasar da ya sauka. Ba ta cin lokacinsa, ba ta kai shi kotu, tana kuma riƙe masa sunansa a bakin jama'a har kakar zaɓe ta zagayo. Ƙungiya kan zame masa rumfar da zai fake kafin ruwa ya ɗauke, wani lokaci ma tsanin komawa majalisa.

Tarihinmu ya san ƙungiyar da ta rikiɗa ta koma jam'iyya. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara ne a matsayin ƙungiyar al'adu da wayar da kai. Ta yi taronta na farko a Kaduna a 1949, ta yi na biyu a nan Jos a Disambar 1950, sannan a 1951 aka ayyana ta a matsayin jam'iyyar siyasa, 'yan majalisa irin su Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙe ragamarta. Ko mutum ya yarda da siyasarsu ko bai yarda ba, sun yi abinsu da rana tsaka, kowa ya san inda aka dosa. Na yanzu kuwa sunan marayu ne a allo, rajistar masu zaɓe a aljihu.

Bakin da Ya Ci

Babbar hasarar ma ba ta kuɗi ba ce. Amfanin ƙungiyar sa-kai a ƙasa irin tamu shi ne ta faɗi abin da ma'aikacin gwamnati ba ya iya faɗa. Tun farkon wannan jamhuriya ta huɗu ake ware wa 'yan majalisar tarayya kuɗin ayyukan mazaɓu. A Nuwamban 2019 Shugaba Buhari da kansa ya koka cewa an ware kimanin naira tiriliyan ɗaya ga irin waɗannan ayyuka cikin shekara goma, amma ba a ga tasirinsu a rayuwar talaka ba. To, wace ƙungiya ce za ta fita ta ƙirga rijiyoyin burtsatsen da suka ƙafe da azuzuwan da aka bari babu rufi a wata mazaɓa, alhali wanda ya wakilci mazaɓar shekara takwas shi ne shugaban kwamitinta na shawara? Baki ya ci, dole ido ya ji kunya.

Haka batun zaman lafiya yake. Bayan kowane rikici a Jos an kafa kwamitin bincike: na Mai Shari'a Fiberesima a 1994, na Mai Shari'a Niki Tobi a 2001, na Bola Ajibola bayan rikicin 2008, da kwamitin shawara na shugaban ƙasa wanda tsohon gwamna Solomon Lar ya jagoranta a 2010. An zauna, an saurari shaidu, an rubuta rahotanni, amma mafi yawan shawarwarin ba su wuce cikin kabad ba. Waɗanda suke da ikon su tashi a zauren majalisa, ta jiha ko ta tarayya, su nace sai an aiwatar, su ne 'yan majalisa. Wanda bai buɗe baki ba lokacin da yake da kujera da lasifika da ikon gayyatar minista ya amsa tambaya, da wane ido zai zauna yau a ɗakin taron otal yana koya wa matasan Nasarawa Gwom da na Tudun Wada yadda ake yafe wa juna?

Akwai kuma abin dariya. A 2016 aka gabatar da ƙudurin doka a Majalisar Wakilai don kafa hukumar da za ta sa wa ƙungiyoyin sa-kai linzami, bisa hujjar cewa ba a san yadda suke kashe kuɗi ba. Ƙungiyoyi suka yi ca, ƙudurin bai zama doka ba. Wato ɗan majalisa yana kan kujera ƙungiya abar zargi ce. Ya sauka kuwa ta zama gidan da zai yi aikin lada.

Hujjar Masu Kare Al'adar

Masu kare wannan al'ada suna da hujja, kuma ba za a ce ta banza ce ba. Sukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tsohon ɗan majalisa ya san yadda ake tsara kasafin kuɗi, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma wayarsa guda ɗaya ta fi wasiƙa goma. Gaskiya ne, kuma Filato tana da misalin da ya fi kowane ƙarfi.

A ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu fama da ciwon kurkunu a Nijeriya. Cibiyar Carter, wadda ta kafa ofishinta a nan Jos, ta shiga yaƙi da cutar tare da ma'aikatar lafiya. Daga ƙarshen shekarun 1990 Janar Yakubu Gowon, ɗan Filato kuma tsohon shugaban ƙasa, ya sa kansa cikin aikin. Ya riƙa shiga ƙauyukan da cutar ta yi katutu, yana zama da dagatai, yana matsa wa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su haƙa rijiyoyi. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, kuma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu. Amma a lura, abin da ya yi aiki a nan ƙafar Janar ce da ta taka ƙura, da bakinsa da ya yi magana a gaban masu iko. Da sunansa ya tsaya a kan takarda kawai, da babu tsutsar da za ta ji tsoronsa.

Wannan misalin kuma yana da ɗaya fuskar. Cibiyar Yakubu Gowon, wadda aka kafa a 1992, ta kasance cikin masu karɓar tallafin Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A 2011 ofishin babban mai binciken Asusun ya fitar da rahoto yana tuhumar yadda aka riƙa canza dalolin tallafin zuwa naira a cibiyar. Ba ana ɗora wa Janar laifi ba ne a nan. Darasin shi ne, ko sunan da ya fi kowane nauyi a jihar nan ba ya gadin asusu. Mai duba littafin kuɗi ne yake gadinsa.

Kada kuma a ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. A Amurka an yi wani kamfanin gwajin jini mai suna Theranos. Kamfanin kasuwanci ne, ba ƙungiyar agaji ba, amma dabarar ɗaya ce: ya cika kwamitinsa da tsofaffin sakatarorin harkokin waje biyu, George Shultz da Henry Kissinger, da tsofaffin sanatoci irin su Sam Nunn. Masu zuba jari suka ga sunaye suka saki jiki, alhali na'urar ba ta yin abin da aka ce tana yi. Kamfanin ya rushe a 2018, aka kuma sami shugabarsa da laifin zamba a 2022. Manyan nan sun ba da aron mutuncinsu ga abin da ba su bincika ba, jama'a suka yi wa rogo kallon kitse.

Ina Mafita?

Ba ana cewa a kori dattawa daga ƙungiyoyi ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ake nema shi ne girma ya tafi tare da nauyi. Duk wanda zai hau kwamitin shawara a rubuta masa aikinsa da wa'adinsa, kuma idan ya yi fashin zama uku a jere a cire sunansa daga takarda ba tare da jin kunya ba. Wanda ya sayi fom ɗin takara ya ajiye kujerar ƙungiya a ranar. Kada tsohon wakili ya zauna a kwamitin ƙungiyar da take bin diddigin ayyukan mazaɓarsa. Alkawarin da aka yi a lasifika a karanta shi a taron shekara, a faɗi wanda ya cika da wanda bai cika ba. Wanda kuma yake jin da gaske yake, to ya yarda a rubuta shi cikin amintattu, inda doka za ta iya tambayarsa.

Sannan a buɗe kujerun ga waɗanda suka san aikin. Ungozomar da ta yi shekara talatin a asibiti ta fi kowane sanata sanin abin da yake kashe mata wajen haihuwa. Tsohon hedimasta ya san dalilin da yaro yake barin makaranta. Matar da take riƙe adashin mata arba'in a Kwararafa, ba a taɓa jin kwabo ya ɓata a hannunta ba, ta fi cancanta da duba asusu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ma malaman jami'a da muke son ganin "Dakta" da "Farfesa" a jerin nan, wannan ma'aunin ya hau kanmu.

Kammalawa

A Hausa, kalmar "uba" tana da nauyi. Uba shi ne mai ciyarwa, mai tsawatarwa, wanda ake tasa cikin dare idan yaro ba lafiya, wanda kuma ake kira gaban alƙali idan ɗa ya yi ɓarna. Wanda ba zai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bai kamata ya amsa sunan uban ƙungiya ba. Ga shugabannin ƙungiyoyinmu kuwa, su ɗauko takardarsu mai tambari su bi jerin nan suna bayan suna, su tambayi kansu yaushe rabon da mai sunan ya taka ofishinsu, wace shawara ya taɓa bayarwa, kuma wace gaskiya suka haɗiye saboda shi. Sunan da bai tsallake waɗannan tambayoyi uku ba, a goge shi. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin nauyin amana, amin.