Muna Karanta Namangi, To Ina Makafinmu?

Duk ɗalibin da ya zaɓi nazarin Hausa ba zai fita jami'a ba sai ya haɗu da Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji. Muna haddace baitocinsa, muna rubuta jarrabawa a kansu, malamai kuma kan tunatar da mu cewa makaho ne. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, da a ce yau Namangi saurayi ne ya samu gurbin karatu a sashenmu, da wane littafi za mu miƙa masa?

Ba na cewa babu abin da aka yi. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a Filato, ta Pacelli kuma a Surulere ta Legas a 1962, inda Cobhams Asuquo, shahararren mai haɗa kiɗa, ya yi karatu. Daga 2017 hukumar JAMB ta ware tsari na musamman don makafi su rubuta jarrabawarta. A watan Janairun 2019 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara, ta kuma ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ayyukan gwamnati. Wa'adin ya wuce. Mai karatu ya zagaya harabar makarantarsa ya ƙirga kwatocin da ke buɗe har yanzu.

Amma ni ba kwata ce ta fi ci mini rai ba, zama ne. Akwai wani ɗalibi makaho a ɗakin kwananmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Kowa na gaishe shi, kowa na rige-rigen kama masa hannu ya tsallake titi saboda 'yan acaɓa. Sai dai idan za a tafi kallon ƙwallo ko taron ƙungiya ko bikin wani aboki, babu mai ƙwanƙwasa ƙofarsa. Wai kada a wahalar da shi. Alhali ya fi mu duka sanin 'yan wasan Arsenal, domin rediyo ba ta barin kunnensa. Wata rana ya ce mini tausayi ya ishe shi, gayyata yake nema. Na ji kunya, don ni ma ina cikin masu wuce ƙofar.

Haka abin yake wajen karatu. Ana liƙa sanarwar sauya lokacin lacca a allo, ko a ɗauki hotonta a tura WhatsApp, manhajar da ke karanta masa rubutu kuwa ba ta kan iya da irin wannan hoto ba. Idan ma rubutun Hausa ne, muryar Turanci ce ke murɗe kalmomin har ba ka gane ƙasa take nufi ko kasa.

Mu masu nazarin harshe muna da namu laifin. Cikin nishaɗi muke kawo karin maganar nan ta makaho da ya ce ido wari gare shi, a yi dariya a wuce. Da an ce makaho, sai tunaninmu ya tafi ga ƙoƙon bara da ɗan jagora, ba ga lauya ko malamin makaranta ba.

Shawarata ga ƙungiyar ɗaliban Hausa ba ta buƙatar kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba da damar mayar da littattafai zuwa tsarin da makafi za su amfana da shi. Kowannenmu na da waya. A raba babi-babi na littattafan da ke manhajar aji ɗaya, masu kyakkyawan lafazi su karanta a naɗa, a ajiye a ofishin sashe kafin zangon karatu mai zuwa. Ni da na koyi Hausa da girmana, lafazina bai kai ba, amma na ɗauki nauyin jera sautukan da sa musu suna. A fara da Imfiraji.