Yaro Amana Ne a Hannun Mai Reno

Bayan haka, cikin Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, har da ƙananan yara, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Cikin Oktoba aka sami irinsa a Daura. Abin lura, da yawansu iyaye ne suka kai su don gyaran hali. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana nan, amma doka ba ta leƙa ɗaki. Falke ba ya ba da ajiya sai ya ga ma'aji. Haka ya wajaba uba ya ga makwanci, da ruwan sha, da abinci, da magani, da iyakar bulala, kafin ya miƙa ɗansa. Allah ya kiyaye zuriya, amin.