Saitin Rumbun Samfura da Amanar Binciken Hausa a Kwamfuta

Nazarin Hausa ya daɗe da shiga kwamfuta. Tarin bayanai irin su MasakhaNER na 2021 da NaijaSenti na 2022 sun haɗa da Hausa, kuma ɗalibanmu suna gina kundayensu a kansu. Sai dai manhajojin da ake sarrafa waɗannan bayanai da su galibi ana gudanar da su ne a cikin kwantena, wato ƙunshi guda da ya tattara manhaja da duk abin da take buƙata. Kowace kwantena tana tashi ne daga samfurinta, samfurin kuma ana ajiye shi a wani rumbu na intanet. Idan jami'a ta haɗa gungun kwamfutoci a ƙarƙashin Kubernetes, kowace na'ura a gungun tana da saitin da ke faɗa mata rumbun da za ta ɗebo samfuri daga ciki, da wanda aka haramta mata. Ra'ayina shi ne wannan saiti ya shafi amanar ilimi kai tsaye, don haka bai kamata a bar wa injiniya shi kaɗai ba.

Dalili na farko shi ne ambaton madogara. Babu malamin adabi da zai karɓi kundin da ya kawo shafi daga Magana Jari Ce ba tare da faɗin bugun da aka duba ba. To, samfurin kwantena ana iya kiransa da laƙabi, kamar "latest", wanda mai shi ke da ikon ɗorawa a kan sabon ƙunshi duk lokacin da ya so. Ana kuma iya kiransa da lambar sha256, wadda ake lissafawa daga abin da ke cikinsa, ta yadda ko harafi ɗaya aka sauya sai lambar ta sauya. Kundin da ya ambaci laƙabi kawai, mai son maimaita gwajinsa bayan shekara biyu zai iya ɗebo wata manhaja dabam, ya sami wani sakamako dabam, ba tare da ya san dalili ba.

Dalili na biyu shi ne rumbunan waje ba a hannunmu suke ba. A watan Nuwamba na 2020, Docker Hub ya ƙayyade wa wanda bai yi rajista ba ɗiba 100 a cikin awa shida, ana ƙirgawa bisa adireshin intanet. Makarantar da na'urorinta duka ke fita ta adireshi ɗaya, aji guda na iya cinye wannan kaso kafin a tashi darasi. A watan Afrilu na 2023, aikin Kubernetes ya daina sabunta tsohon rumbunsa k8s.gcr.io, ya koma registry.k8s.io. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuwa, wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa da WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. Gungun da ba shi da kwafin samfuransa a gida, a irin wannan rana, sai dai ya jira.

Maganin yana cikin saitin na'urorin. A inda ake amfani da CRI-O, fayil ɗin registries.conf ne ke ɗauke da jerin rumbuna. A containerd kuma ana rubuta hosts.toml ga kowane rumbu. Nan ake umartar na'ura ta fara tambayar rumbun gida kafin ta tsallaka teku, kuma manhaja irin Harbor tana yin aikin rumbun gida kyauta. Nan ne kuma ake hana gajeren suna marar adireshi, domin wani zai iya ɗora gurɓataccen samfuri mai suna iri ɗaya a rumbun da na'ura ke fara dubawa. A OpenShift ana rubuta jerin rumbunan da aka halatta ko waɗanda aka haramta a wuri ɗaya, sai tsarin ya rarraba wa dukkan na'urori. Wanda ya zaɓi jerin halattawa, dole ya sa rumbunan da gungun kansa ya dogara da su, in ba haka ba ya kulle ƙofa da makulli a ciki.

Akwai masu cewa wannan nauyi ya fi ƙarfin sashen harshe: ga kuɗin ma'ajiya, ga matsalar lantarki, ga ƙarancin ma'aikata. Suna ƙarawa da cewa rumbun gida da aka yi sakaci da shi kan tara tsofaffin samfura masu kafar da ɓarayin intanet ke shiga. Duka gaskiya ne. Amma ba a buƙatar kowane sashe ya mallaki rumbunsa. Rumbu ɗaya a cibiyar kwamfuta ya ishi jami'a, kuma jami'o'in da ke kan hanyar sadarwar NgREN za su iya yin tarayya. Batun tsufa kuwa, sai a raba rumbun gida biyu: ɓangaren aikin yau da kullum da ake sabuntawa, da ɓangaren adana inda samfurin kowane kundi zai zauna yadda aka yi bincike da shi, ba a tayar da shi sai a keɓe.

Saboda haka ina ba da shawara ga sassan Hausa da hukumomin makarantun gaba da digirin farko: duk kundin da ya dogara da kwantena ya rubuta cikakken adireshin samfurinsa da lambarsa ta sha256, ya kuma miƙa kwafin samfurin tare da kundin. Editocin mujallu su nemi haka daga marubuta, a kuma ba manazarta kujera a kwamitin da ke tsara jerin rumbunan jami'a. Magabatanmu sun tattara rubuce-rubucen ajami a wurare irin Gidan Arewa da ke Kaduna, shi ya sa muke iya komawa gare su yau. Wanda zai duba aikinmu nan da shekara ashirin yana da irin wannan haƙƙi a kanmu.